Gallaza wa Yahudawa a tarihi: don addininsu ne ko don jininsu?

Baban_Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga malaman tarihi da lauyoyin da ke wannan zaure. Kullum in ana zancen gallaza wa mutane saboda addini, Yahudawa ake fara kawowa misali. To amma Hitila bai tambayi kowa ko yana zuwa wurin ibada ba, har waɗanda suka bar yahudanci ya kashe. Wannan gallazawar addini ce ko ta ƙabila? Sannan ina iyaka tsakanin a ƙi addinin mutum da a gallaza masa?

Alƙalamin_Zazzau: Wa alaikumus salam. Akwai ma'auni mai sauƙi da ake fara gwadawa: in mutum ya bar addinin, za a ƙyale shi ko ba za a ƙyale shi ba? A 1096, lokacin da mayaƙan gicciye na farko suka taso za su tafi Ƙudus, wasu gungunsu sun afka wa Yahudawan garuruwan kogin Rhine a Jamus, musamman Worms da Mainz. Zaɓi biyu suka bayar, baftisma (wankan shiga Kiristanci) ko mutuwa. Wanda ya yarda a yi masa baftisma ya tsira da ransa. Haka dokar Sifaniya ta 31 ga Maris 1492: Ferdinand da Isabella suka ba Yahudawa zuwa ƙarshen Yuli su fice, amma wanda ya karɓi Kiristanci ya zauna a gidansa da dukiyarsa. Wannan ta addini ce tsantsa, domin ƙofar fita tana nan a buɗe, sai dai kuɗin shigarta imaninka ne.

A ƙarƙashin 'yan Nazi an rufe wannan ƙofa. Edith Stein, haifaffiyar Bayahudiya, ta karɓi Katolika a 1922, ta zama 'yar zuhudu a gidan ibada, duk da haka aka kamo ta daga Holan aka kashe ta a sansanin kisa na Auschwitz a Agustan 1942. Ku gwada da Shaidun Jehobah a sansanonin: su akwai takarda da ake miƙa musu, in mutum ya sa hannu cewa ya bar aƙidarsa sai a sake shi. Akasarinsu sun ƙi. Bayahude ba a taɓa miƙa masa irin wannan takarda ba.

Barista_Hauwa: Malam Alƙalami ya amsa rabin farko, bari in ɗauki na biyu ta fuskar doka. Ƙin addinin wani, ko cewa ɓata ne, ba ya cikin abin da doka ke kira gallazawa. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Manyan Laifuka ta Duniya, ta yi bayani a sashe na 7. Abubuwa uku ake nema: an hana mutum haƙƙinsa na asali, hanin mai tsanani ne kuma da gangan, sannan dalilin shi ne ƙungiyar da ya fito daga cikinta. Kafin ya zama laifin cin zarafin bil'adama kuwa, dole ya kasance cikin wani farmaki mai faɗi ko mai tsari a kan fararen hula. Shi ya sa zagin da maƙwabci ya yi wa maƙwabci bai kai ba, amma dokar da ta kori mabiya wani addini daga aikin gwamnati ta kai.

Ga 'yan gudun hijira kuma, yarjejeniyar 1951 ta lissafa dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, kasancewa cikin wani rukunin jama'a, da ra'ayin siyasa. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba sai kai ka yarda da addinin ba. Ya isa idan mai gallaza maka ya jingina ka da shi.

Ɗan_Damagaram: Barista, ke nan in gwamnati ta ce kowa ya yi addininsa a ɗaka, kada ya fito da shi fili, ba ta gallaza wa kowa ba?

Barista_Hauwa: Ta iya gallazawa mana. Sashe na 18 na yarjejeniyar haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966 ya raba abu biyu. Abin da ke zuciyarka babu mai ikon taɓa shi ko a dokar ta-ɓaci. Bayyana shi a fili ana iya taƙaitawa, amma sai da doka, kuma sai don tsaro, lafiya, zaman lafiya, tarbiyya ko haƙƙin wasu. A 2012 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba za a ce wa mai neman mafaka ya koma gida ya ɓoye ibadarsa don ya tsira ba. A Najeriya sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 shi ne makamancin wannan.

Ummu_Sadiq: Ina da gyara ga Malam Alƙalami. Rabon nan na "addini a da, jini a zamanin Nazi" ya yi tsafta da yawa. Dokokin Nuremberg na 15 ga Satumba 1935 sun yi ta maganar jini, amma da aka zo aiki da su sai aka rasa gwajin jinin da zai nuna Bayahude, domin babu shi. Sai dokar bayani ta 14 ga Nuwamba 1935 ta ce a ƙirga kakanni huɗu. Mai kakanni uku ko huɗu Yahudawa, Bayahude ne. Mai biyu ruwa-biyu ne na mataki na ɗaya, sai dai in yana cikin jama'ar addinin ko yana auren Bayahudiya, sai a lissafa shi cikakke. Mai ɗaya ruwa-biyu ne na mataki na biyu. To ta yaya ake sanin kaka Bayahude ne? In sunansa yana cikin rajistar jama'ar addinin yahudanci. Ma'aikacin gwamnati sai ya kawo takardun haihuwa ko baftisma guda bakwai: tasa, na iyaye biyu, na kakanni huɗu. Limaman coci ne suka riƙa buɗe tsofaffin kundaye suna fitar da su. Wato jinin da ake ta kururuwa a kai, da addinin kakanni aka auna shi.

Alƙalamin_Zazzau: Gaskiyarki Malama. Amma ki lura addinin kakan ake dubawa, ba na jikan ba. Jikan ba shi da abin da zai yi ya canza matsayinsa. A nan bambancin yake.

Gwani_Mai_Tarihi: Ku biyun duk kun tsallake Sifaniya da wuri, alhali can ne ma'aunin Malam Alƙalami ya fara karyewa, ƙarni biyar kafin Hitila.

A 1391 tarzoma ta tashi a Sabiliya bayan wa'azin wani malamin coci, Ferrand Martínez, ta bazu zuwa Kurɗuba, Toledo, Balansiya da Barsalona. Dubban Yahudawa suka karɓi baftisma don su tsira. Da suka zama Kiristoci sai duk hanin da ke kansu ya faɗi: suka shiga majalisun gari, aikin haraji, har limanci. Nan hassada ta taso. A 1449 mutanen Toledo suka yi doka cewa duk wanda asalinsa Bayahude ne ba zai riƙe muƙami ba, ko da shi da ubansa a coci aka haife su. Paparoma Nicholas na biyar ya yi watsi da dokar, amma daga baya jami'o'i da manyan coci-coci da ƙungiyoyin zuhudu suka rungumi sharaɗin "tsarkin jini", ana aika mai bincike garin mutum ya tambayi tsofaffi wace ce kakarsa.

Sai kotun binciken aƙida, wadda Paparoma Sixtus na huɗu ya ba izini a 1478. Mutane da yawa suna zaton Yahudawa take farauta. A'a, ba ta da hurumi a kan wanda ba a yi wa baftisma ba. Sababbin Kiristocin take bi. Ga yadda aikin ke tafiya: alƙalai su iso gari a karanta sanarwa a coci, a ba da wa'adin kwana 30 zuwa 40 kowa ya zo ya tona kansa don a sassauta masa. Amma ba a karɓar tubarka sai ka ambaci wasu, to daga nan jerin sunaye ke tsawo. Alamomin da ake nema ƙanana ne: canza zanen gado ranar Juma'a, rashin hayaƙi a madafa ranar Asabar, ƙin naman alade, cire kitse daga nama, juya fuskar mai mutuwa ga bango. In an kama ka, a ranar ake rubuta dukiyarka a riƙe, daga ciki ake ciyar da kai a kurkuku. Ba a gaya maka wanda ya kai ƙararka. Wanda ya tuba a sa masa riga mai alama, bayan ya gama a rataye rigar a cocin unguwa da sunansa, jikoki su gaji abin kunyar. Wanda ya ƙi, ko ya sake komawa, a miƙa shi ga hukuma ta ƙona. Ƙonawar farko a Sabiliya aka yi, Fabrairun 1481, mutum shida. Ba a soke kotun kwata-kwata ba sai 1834.

Babban aibin tsarin shi ne kotun da dukiyar da ta ƙwace take ci. Kotun da albashinta ke fitowa daga aljihun wanda ake tuhuma ba ta rasa mai laifi.

Zongo_Kumasi: Kuma Musulmin Andalus hanya ɗaya aka bi da su. Yarjejeniyar miƙa Garnaɗa ta 1491 ta lamunce musu masallatai da alƙalansu. A 1502 aka tilasta wa na masarautar Kastila baftisma ko fita. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokinsu, kusan 300,000, alhali a takarda Kiristoci ne.

Sarkin_Kasuwa: Ni fa ina ganin ana ɓoye wani abu. Ba riba da cin bashin mutane ne ya jawo wa Yahudawa ba? Duk inda suka je sai an kore su, ai ruwa ba ya tsami banza.

Gwani_Mai_Tarihi: Sarkin Kasuwa, bi yadda abin ya faru a Ingila ka gani, domin can takardu sun tsira. Ƙungiyoyin masu sana'a na Kiristoci ne, da rantsuwar Kiristanci ake shiga. Mallakar gona ma da wuya. Coci ta haramta wa Kirista ba da bashi da ruwa. Sai sarki ya ɗauki Yahudawa a matsayin mallakinsa, ya bar su su ba da bashin, shi kuma ya riƙa tatsarsu da haraji yadda ya ga dama. Da Haruna na Lincoln, attajirin Bayahude mai ba da bashi, ya mutu a 1186, sarki Henry na biyu ya ƙwace dukiyarsa duka, har aka buɗe ofishi na musamman don karɓo basussukansa. A York a Maris 1190 Yahudawa kusan 150 suka mutu a hasumiyar gari, masu tarzomar kuma, cikinsu har da manyan da ake bi bashi, suka wuce babbar coci suka ƙona takardun bashin. Martanin fada shi ne daga 1194 a riƙa ajiye kwafin kowace takarda a akwatin gwamnati, don ko an kashe mai bashi, sarki ya gaji bashin. Da aka tatse su ƙarƙaf, Edward na ɗaya ya hana su ba da bashi a 1275, ya kore su a 1290, majalisa ta saka masa da haraji mai tsoka. Masu ba da bashin ma 'yan tsiraru ne a cikinsu. A gabashin Turai akasarin Yahudawa teloli ne, masu gyaran takalma da 'yan koli.

Sannan zarge-zargen da suka fi kashe su ba su da alaƙa da kuɗi. A Norwich 1144 aka ƙaga cewa suna kashe yaran Kiristoci don ibada. A annobar 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi. Paparoma Clement na shida ya fitar da takarda yana cewa ƙarya ne, ai su ma annobar na kashe su. Bai hana mutanen Strasbourg ƙona ɗaruruwansu a Fabrairun 1349 ba.

Ummu_Sadiq: Kuma "duk inda suka je an kore su" ba daidai ba ne. Waɗanda aka kora daga Sifaniya, Sarkin Turkawa Bayazid na biyu ya karɓe su, suka zauna a Salonika (a Girka ta yau) fiye da shekara 400, har suka zama mafi yawan mutanen garin. Jamusawa ne suka kwashe su zuwa Auschwitz a 1943.

Malam_Na_Madabo: Tunda an shigo ƙasashen Musulmi, a faɗi duka biyun. Tsarin zimma ya ba Bayahude kariyar rai da dukiya da ibada da kotunsa, a kan ya biya jiziya ya kuma karɓi matsayi na ƙasa da Musulmi: hani a kan gina sabon wurin ibada, ɗaukar makami, wani lokaci hawan doki. A kan Turai ta wancan zamani, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma an sha karya shi. A Garnaɗa 1066 an kashe waziri Yusuf ibn Naghrila da jama'arsa masu yawa. Muwahhidun, masu mulkin Magrib da Andalus a ƙarni na 12, sun soke zimmar, suka tilasta musulunta, shi ya fitar da iyalan malamin Yahudawa Musa bin Maimun daga Kurɗuba zuwa Fas, daga nan Masar. Akwai korar Yahudawan Yaman zuwa Mawza a 1679, da tilasta wa na Mashhad musulunta a 1839, da kisan Bagadaza na 1 da 2 ga Yuni 1941.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili. Kafin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a Tuwat yake, kudancin Aljeriya ta yau. Ya yi fatawa cewa Yahudawan Tamantit, wani gari a Tuwat, sun warware zimmarsu saboda kusancinsu da masu mulki, kuma wurin ibadarsu bai halatta ya tsaya ba. Alƙalin garin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka aika tambaya ga malaman Fas, Tilimsan da Tunis, suka rabu biyu. Al-Maghili ya samu goyon bayan al-Tanasi da al-Sanusi, aka rushe wurin ibadar wajen 1492, aka kashe wasu, sauran suka watse.

Ɗan_Damagaram: Allah gafarta Malam, a yi hattara da mutuncin malamai. Al-Maghili babba ne a wurinmu.

Malam_Na_Madabo: Babba ne, babu musu. Amma al-Asnuni ma malamin Malikiyya ne, kuma saɓanin nasu yana rubuce a littattafan fatawa na Magrib, ba Turawa suka ƙaga shi ba. Har a Gao, da aka kashe ɗansa a Tuwat ya nemi Askiya Muhammad ya kama mutanen Tuwat da ke garin, alƙalin Tumbuktu Mahmud bin Umar ne ya sa baki aka sake su, don ba su da hannu a kisan.

Abu_Yasir: Duk wannan dogon tarihi, Falasɗinawa fa? Mutum kusan 700,000 aka raba da gidajensu a 1948, ga abin da ake gani a Gaza. Me ya sa ba a kiran wannan gallazawa?

Barista_Hauwa: Ana kira, Abu Yasir, kuma da ma'aunin nan da na kawo a sama ake auna shi. Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 2023 a ƙarƙashin yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948. Wanda ya yi fafutukar samar da wannan yarjejeniya, Raphael Lemkin, Bayahuden Polan ne da ya rasa danginsa da dama a hannun 'yan Nazi. Dokar ba ta duba wane ne mai yi, wane ne aka yi wa. Kuma da ita ake hana ɗora wa Bayahuden da ke zaune a Faransa ko Maroko laifin wata gwamnati, domin hukunta mutum saboda rukuninsa shi ne ainihin abin da ake magana.

Baban_Khalifa: Mu dawo kan tambayar don Allah. In ba a iya raba addini da jini sarai ba, da me za a gane gallazawa tun tana ƙarama?

Ummu_Sadiq: Da takardu, Baban Khalifa. Bi jerin Jamus. 1 ga Afrilu 1933 ƙaurace wa shagunansu. 7 ga Afrilu kora daga aikin gwamnati. 1935 cire musu cikakken matsayin ɗan ƙasa da hana auratayya. Afrilun 1938 duk mai dukiyar da ta wuce mak 5,000 (kuɗin Jamus na lokacin) ya yi mata rajista. Agusta aka wajabta ƙarin suna, Isra'ila ga maza, Sara ga mata. Oktoba aka buga jan harafin J a fasfo. Daren 9 ga Nuwamba aka ƙona wuraren ibada, aka kama maza kusan 30,000, sannan aka ci al'ummar tarar mak biliyan 1 kan ɓarnar da aka yi musu. Tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji sai Satumbar 1941. Kowane mataki yana jingine da na bayansa: ba ka iya ƙwace dukiyar da ba ka rubuta ba, ba ka iya kwashe mutanen da ba ka da adireshinsu.

Shi ya sa a Holan, inda rajistar jama'a take da inganci kuma tana nuna addinin kowa, cikin Yahudawa kusan 140,000 an kashe sama da 100,000. A Denmak ba a taɓa sa musu tauraro ba, labarin kamen ya fita da wuri, masunta suka ƙetarar da sama da 7,000 zuwa Suwidin a Oktoban 1943.

Gwani_Mai_Tarihi: Kuma alamar tufafi da unguwar kulle ba 'yan Nazi suka ƙirƙiro ba. Taron coci na Lateran a 1215 ya wajabta tufafin bambanci. Halifa Mutawakkil ya yi makamancinsa ga ahlul zimma wajen 850. Birnin Benis ya kulle Yahudawa a unguwa ɗaya a 1516, ana rufe ƙofa da dare, kuma su ke biyan masu gadin.

Zongo_Kumasi: A ƙara da rufe ƙofar waje. Ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa a Yulin 1938 kan batun Yahudawa masu gudu daga Jamus, kusan babu wadda ta ƙara yawan waɗanda za ta karɓa. Jirgin ruwan St. Louis ya kai mutum 937, kusan dukkansu Yahudawa masu gudun hijira, gaɓar Kuba a 1939, Kuba da Amurka da Kanada suka ƙi su, ya koma Turai.

Sarkin_Kasuwa: To mai wa'azi ko mai jarida da bai taɓa kowa da hannu ba fa? Shi ma ya shiga?

Barista_Hauwa: Julius Streicher bai jagoranci sansani ko ɗaya ba, jarida yake bugawa. Kotun Nuremberg, wadda ta hukunta manyan 'yan Nazi bayan yaƙi, ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama saboda ya ci gaba da kiran a ƙarar da Yahudawa alhali ya san ana kashe su a gabas. An rataye shi 16 ga Oktoba 1946. Amma a wannan shari'ar an wanke Hans Fritzsche na gidan rediyo, don alƙalan sun ga ba a tabbatar ya yi kiran kisa ba. Tazarar da ke tsakanin hukuncin biyu har yau lauyoyi na jayayya a kanta.

Alƙalamin_Zazzau: Ni dai ina nan kan ma'aunina, ko da Gwani ya ce ya karye a Toledo. A Sifaniya akwai zuriyar tubabbu da suka kai manyan muƙaman coci duk da dokar jinin. A Jamus ta 1942 babu wannan.

Ummu_Sadiq: To sai ka yi mana bayanin Kirimiya, Malam. Ƙabilu biyu ne a wuri ɗaya, duka suna magana da harshen dangin Turkanci. Karait suna bin Attaura amma ba sa bin Talmud (littafin fiƙihun malaman Yahudawa), a 1939 ofishin binciken asali na Jamus ya ce ba za a lissafa su cikin jama'ar addinin yahudanci ba, akasarinsu suka tsira. Kirimcak suna bin malaman Talmud, aka harbe su tare da sauran Yahudawa a ƙarshen 1941. A wane gefen ma'aunin za ka sa wannan?

Malam_Na_Madabo: Kafin ya amsa, Gwani, Fotugal fa? A 1497 ba ma a ba Yahudawa zaɓin fita yadda ya kamata ba, an tara su a Lisbon da sunan jiran jirgi aka yi musu baftisma da ƙarfi, sannan a 1506 aka karkashe da yawansu a matsayin sababbin Kiristoci. Wannan ma ban ga inda ya zauna a ma'aunin ba.